Finjali Biyu na Baƙin Mai

A goye ya dawo. Babur ɗin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana hawa dutsen Brezova yana sauka da ƙafafunsa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ranar Juma'ar nan sai ga shi a bayan a-kori-kura, an ɗaɗɗaure shi da igiyoyi, an lulluɓa masa bargo kamar mai zazzaɓi. Zorica tana ƙarƙashin taraktan maƙwabci lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gareji. Ta fito da jan gindi, sifana a hannu, ta tsaya tana kallon ƙaninta Vladan yana saukowa, wando ya tsuke, gemu an daidaita shi tsaf.

Kwana arba'in da binne mahaifinsu Radisav, Vladan ya zo ya ɗauke babur ɗin ya tafi da shi Belgrade. Ba wanda ya tambaye ta. Ita ce ta yi shekara ashirin da biyar a garejin nan gefen tsohon, ita ce ta san kowane noti a jikin babur ɗin, amma a Brezova kayan uba na ɗa namiji ne. 'Ya mace sai dai ta sa hannu a takarda ta ce ta yafe, ta kuma yi murmushi. Zorica ta sa hannun, murmushin ne ta ƙi yi. Garejin ma da ya rage mata, don Vladan ba ya son datti a farce ne.

Aka sauke. Vladan ya yaye bargon da salo, kamar mai buɗe fuskar amarya.

Zorica ta zagaya shi tana kallo. An datse wa babur ɗin baya. Doguwar kujerar nan mai ɗaukar mutum biyu da buhun dankali, wadda mahaifiyarsu ta fara zama a kai tun tana amarya, babu ita. An sa wani ɗan faifan fata da bai wuce tafin hannu biyu ba, da farin tozo a bayansa. Hannuwan tuƙi an sauke su can ƙasa kusa da taya, an ja matakan ƙafa baya, yadda duk wanda zai hau sai ya kwanta rub da ciki a kan tanki. An cire marfin tayar gaba mai tare laka. An cire akwatin tace iska, an bar kafireto baki buɗe da 'yar raga. Tankin da ke ja tun fil azal an mai da shi fari fat. Wani yayi ne 'yan birni suka ɗauko, kafe-resa suke ce masa: a sami tsohon babur mai lafiya, a yanke duk abin da ke da amfani a jikinsa, a ce ya zama na tsere. Tseren kuwa daga wannan shagon shan gahawa ne zuwa na gaba, inda za a ajiye shi a yi ta ɗaukar hoto.

Abin haushin, ya yi kyau. Zorica ta ga ya yi kyau, shi ya ƙara tunzura ta.

"To, Yaya? Ba ki ce komai ba."

"Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran babur ɗin mana. Na ga rabi ka kawo."

Vladan ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kilo goma sha takwas na sauke masa. Kilo goma sha takwas na tarkace!"

"Tarkacen da ya ciyar da kai har ka yi wannan gemun. Ina Mama za ta zauna?"

"Haba, Yaya. Mama shekararta saba'in da huɗu, ina za ta a babur?"

"Kai fa, ina za ka? Juya kan in gani."

Ya juya. Bai kai ko rabin juyi ba hannun tuƙin ya daki tanki, ya matse masa babban yatsa. Ya cije, ya ƙi yarfe hannun don kada ta gani, ita kuwa ta gani sarai.

"Kwanar hanya goma sha ɗaya ce tsakanin nan da coci," in ji ta. "Da me za ka sha su? Ɗaga shi za ka yi a ka?"

"Ke abin da kika sani ke nan, coci da gona da buhun dankali. Wannan da kike gani shi ya zo na biyu a baje kolin babura a Novi Sad. Mutane layi suka yi suna ɗaukar hoto."

"Da ƙafarsa ya je can ɗin?"



"A goye," ta ba kanta amsa. "Sannu da ƙoƙari, injiniya. Ka sami doki ka mai da shi ɗan tsana."

Nan fuskar Vladan ta canza. Auta ne, tun yana yaro bai iya jure ba'a ba, amma ya iya nemo inda ke wa mutum ciwo ya danna. Ya matso, ya rage murya.

"Ni na san abin da ke cin ki. Ko zinare na shafa masa sai kin kushe. Shekara ashirin da biyar kina miƙa wa Baba sifana, kina wanke masa kayan aiki, da aka tashi rabo ni ne ɗan. Shi ke nan ciwonki. Ki je kabarin gobe ki tambaye shi dalili, ki daina sauke min."

Da a ce mari ya kai mata da ya fi sauƙi. Ta ajiye sifanar a hankali a kan benci, don ta san abin da za ta yi da ita in ta ci gaba da riƙewa.

"Na rantse da kabarin da ka ambata," ta ce, "hannuna ba zai sake taɓa wannan abin ba, bakina kuma ba zai ƙara ce maka komai a kansa ba. Ko wuta ya kama a gabana, kallo nawa."

"Madalla. Kin hutar da ni."

Don ya nuna mata, ya haye, ya buɗe fetur, ya bugi kik. Bugu ɗaya, biyu, na uku injin ya tashi: rin-din-din-din-din, shuɗin hayaƙi ya cika bakin garejin. Injin ne kaɗai Vladan bai taɓa ba, don bai iya buɗe shi ba, salansar hayaƙi biyun kuma ya bar su saboda ƙyallinsu. An yanke, an fente, an yi duk wulaƙancin da za a yi, amma muryar tana nan yadda tsohon ya bar ta.

Ƙofar kicin ta buɗe da ƙarfi. Mahaifiyarsu Milunka ce, tana cikin dafa alkamar sadakar addu'ar da za a yi wa mijinta gobe a kabarinsa, ludayi a hannu, ta fito da gudun da ba a ga ta yi ba shekara da shekaru. Ta tsaya a bakin mataki tana dube-dube, sai ta ga ɗanta ne a kai. Ludayin ya sauka a hankali. Ta dubi wurin da kujerarta take a da, ta daɗe tana duban wurin.

"Kada ka kashe," ta ce. "Bar shi ya ƙara yi kaɗan."

Duk wanda ya zauna a Brezova ya san wannan muryar. Radisav yana da amya ta zuma da itatuwan wani ɗan itace mai zaƙi da ake kira fulam a can saman dutse kusa da coci, kullum da la'asar yakan gangaro gida, kuma ba ya gangarowa shiru kamar sauran mutane. Daga kwana zuwa kwana sai ya kama kuloci ya murɗa totur: rin-din! Ya saki, ya gangara, ya sake: rin-din-din! Mazan da ke zaune a mashaya sukan ce, "Ga Radisav can yana gaya wa Milunka ta ɗora gahawa." Ita ma haka ta ɗauka. Tana da kujerar katako a bakin ƙofar gida. Da ta ji na farko sai ta tashi ta ɗora tukunya, kafin kumfa ya taso yana bakin ƙofa.

Zorica kaɗai ta san dalilin. Tana 'yar shekara goma sha shida ya zaunar da ita a kan juyayyen bokiti ya gaya mata. "Irin wannan injin ba shi da tukunyar mai a cikinsa. Baƙin mansa cikin fetur yake, tare yake shan su. Kin rufe totur, kin rufe masa maƙogwaro. A doguwar gangara taya na juya shi da gudu, shi kuwa ba ya shan komai, sai ya bushe ya yi zafi ya ƙame. Don haka ki riƙa kama kuloci kina ba shi kurɓi. Ki bar mutane su ce da uwargida nake magana." Ya kuma gaya mata ya riga ya faɗaɗa ramukan fistin har iyakarsu, in injin ya sake ƙonewa babu sauran naman da za a kankare.

Vladan bai taɓa jin wannan ba. Lokacin da ake faɗa yana can yana buga ƙwallo.

Da ya kashe injin, Milunka ta goge hannu a zanen gabanta. "Abu ɗaya nake so gobe. In an gama addu'a, ka tsaya a sama. Ka bari in iso gida in zauna a kujerata, sannan ka gangaro. Ina so in ji shi yana saukowa sau ɗaya. Ba na son komai bayan wannan."

"An gama, Mama," in ji Vladan, yana kallon yayarsa da gefen ido.

Gari ya waye da yayyafi. Zorica tana loda kwanon alkama da kyandirori da kwalbar barasar gargajiya da suke kira rakiya a bayan tsohuwar motarta, sai ta ga Vladan ya shiga garejinta ba sallama, ya ɗauko jarkar fetur ta lita biyar. A jikin ƙusa kusa da taga akwai wani finjalin gahawa mai tsagaggen baki, rataye da waya. Shi ne ma'aunin tsohon: finjali biyu na baƙin mai a kowace jarka, cike har baki. Vladan ya ciro shi, ya zuba ɗaya, ya mayar da shi ƙusa, ya jijjiga jarkar.

Ɗaya.

Ya ga tana kallo. "Man zamani ne, ba irin naku ba. Kaɗan ya isa. Biyu hayaƙi yake yi, ya ɓata min farin fenti. Ko akwai magana?"

Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Kafireto a buɗe yana shan iska fiye da ƙima, mai rabin ma'auni, ga gangarar kilomita bakwai. Ko makanikin da ya fara aiki jiya ya san inda wannan lissafin zai kai. Amma ta ga yadda ya ɗaga gira yana jira, yana so ta karya rantsuwa tun ba a kwana biyu ba, ya samu abin dariya.

"Babu," ta ce, ta rufe bayan motar da ƙarfi.

Ya riga Zorica da mahaifiyarsu tashi, suka cim masa a kwana ta huɗu. Yana tsakiyar hanya, ƙafafu biyu a ƙasa, yana ja da baya yana turawa gaba kamar mai juya amalanke, don kan babur ɗin ya ƙi juyuwa. Tayar gaba ta yi masa zanen laka tun daga ƙirji har tsakiyar gemu. Zorica ta danna hon, ta daɗe a kai. Ta sauke gilashi.

"A kawo a-kori-kurar ne, injiniya?"

"Zorica," in ji tsohuwar. "Yau ranar ubanku ce."

Ta wuce. Daɗi ta ji, daɗi har cikin ƙashi, kuma ba ta ji kunyar jinsa ba.

A maƙabarta aka yi abin da aka saba. Fada, limamin cocin, ya yi addu'a ya yi turare, aka kunna kyandirori iska na kashe su, kowa ya ɗebi alkama cokali ɗaya ya ce Allah ya ji ƙan Radisav, aka tsiyaya masa rakiya a gefen kabari. Vladan ya iso ana tsaka, yana tafiya a karkace kamar wanda ya kwana a kan dutse. Da aka watse, tsofaffin abokan marigayin suka kewaye babur ɗin. Wani ya ce ya yi kyau wallahi, kamar a jarida. Wani ya tambaya ko an sayar da kujerar ne aka sayi fenti. Dobrivoje mai tarakta ya sunkuya ya kama hannuwan tuƙin, bayansa ya ce ƙas, aka fashe da dariya a gaban kabari har fada ya yi gyaran murya.

Milunka ta riga ta shiga mota. Zorica na tattara kwanuka sai ta ji mutum a bayanta. Vladan ne, yana murza wuyan hannunsa, ya duba ko'ina ya tabbata ba mai ji.

"Yaya." Muryar babu salo a cikinta. "Hannuwana sun mutu. Duk nauyina a kansu yake, kulocin nan kuma da ƙyar nake kama shi. Na ce ko a gangarar in sa shi a giya ta biyu kawai in bar injin ya riƙe ni, ba sai na yi ta kama birki ba. Ba matsala, ko?"

Ga shi nan. Ya tambaya da bakinsa, ya tambayi ainihin abin. Kalma biyar ta isa: kama kuloci, ba shi wuta. Ta dube shi, laka a gemu, idon nan irin na lokacin da yake ɗan shekara shida ya fasa tagar maƙwabta ya zo ya ɓuya a bayanta. Sai kuma ta ji muryarsa ta jiya: da aka tashi rabo ni ne ɗan. Kabarin da ta rantse da shi yana nan taku uku daga inda suke.

"Ai kai ne ɗan," ta ce. "Ni 'yar miƙa sifana ce, me na sani?"

Ya tsaya kallonta. Sannan ya tofar da yawu gefe. "Allah ya sawwaƙe miki wannan baƙar zuciyar."

"Amin. Kai kuma ya sawwaƙe maka wauta."

Duk tsawon gangarar tana tuƙi tana lallashin kanta. Wataƙila ba abin da zai faru, garin da sanyi. In ma ya faru, ɗan ƙamewa zai yi ya mutu, a bari ya huce a tayar, shi kuma ya turo shi gida a gaban mutane, ya san cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Haka ta yi ta faɗa wa kanta. Amma shekara ashirin da biyar tana buɗe injuna, ta san ƙarya take yi.

Milunka ta canza takalmi, ta gyara ɗankwali, ta fito da ƙaramin murhun gas da tukunyar gahawa ta ajiye a gefen kujerarta a bakin ƙofa. Ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya tana fuskantar dutsen. Zorica ta jingina da bangon gareji ta harɗe hannu. Yayyafin ya ɗauke, garin ya yi tsit, duk mutane suna can sama suna shan rakiyar marigayi.

Sai ga shi, can nesa: rin-din-din-din. Tsohuwar ta kama baki da hannu. Ta sunkuya ta kunna murhun, ta zuba gahawa cokali uku.

Daga nan muryar ta canza. Ta zama wani dogon gunji guda ɗaya, uuuuuu, ba hutu ba numfashi, yana ɓacewa a bayan itatuwa yana dawowa.

"Ba haka yake yi ba," in ji Milunka. "Ina gaisuwar?"

Zorica ta kasa kunne tana ƙirga kwanar da ya kai. Kwana ta biyu. Ta uku. Ta sauke hannuwanta. Kama kuloci, wawa. Ba shi wuta, ko sau ɗaya ne. Ta huɗu, gunjin ya tsaya, yana can yana juyin amalanke, ta sauke ajiyar zuciya, injin zai ɗan sha. Ya sake tasowa, wannan karon ya fi tsini. Daga ta biyar zuwa ta takwas hanyar miƙaƙƙiya ce mai tsananin gangara, nan tsohon yakan yi rin-din har sau shida. Ta zaro waya ta kira shi. Ina zai ji, waya a aljihu, kai a cikin hular kwano? Ta sake kira. A ƙarƙashin gunjin ta fara jin wani siririn ƙara kamar ana wasa wuƙa, wanda duk ƙauyen ita kaɗai za ta iya ganewa.

"Vladan!" ta ƙwala wa dutsen kira, kamar mahaukaciya. "Kuloci!"

Ƙas. Sannan ƙarar taya tana jan kwalta. Sannan shiru.

"Ɗana," in ji tsohuwar, ta miƙe. "Zorica, ɗana!"

Ba ta san lokacin da ta shiga mota ba. Ta same shi gab da kwana ta takwas. Wani baƙin layi ya ja a kwalta taku ashirin, inda tayar baya ta ƙame ta yi ta ja, ya ƙare a bakin rami. Vladan na zaune cikin ciyawa ya cire hula, wando ya yage, gwiwa na jini, yana tallabe da hannun hagu. Da rai. Ta durƙusa ta shafa kansa, wuyansa, haƙarƙarinsa, tana zaginsa tana kuka, ya ture hannunta.

Babur ɗin yana kwance a gefe, farin tankin ya lotsa. Ta manta da wata rantsuwa, ta kai hannu kan injin, zafi ya ɗauke mata fatar yatsu, ba ta janye da wuri ba. Ta leƙa ƙasa. Sandar fistin ta karye ta fasa cikin injin ta leƙo waje, ramin ya isa a zura yatsu uku. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

"Zai gyaru?" in ji Vladan daga cikin ciyawa.

"A'a."

Ya ja numfashi. "Rin-din ɗin nan da Baba yake yi a gangara. Ba gaisuwa ba ce, ko?"

Sai yanzu ta gaya masa. Ta faɗa masa duka, yadda tsohon ya faɗa mata a kan bokiti, maƙogwaro da kurɓi da finjali biyu, ba ta rage ko kalma ba. Bai fi minti ɗaya ba ta gama, shi ne abin da ya fi yi mata ciwo.

Ya daɗe yana kallonta. "Na tambaye ki," ya ce. "A gaban kabarinsa na tambaye ki."

"Da ba ka yanke shi ba..."

"Na tambaye ki, Yaya."

Motar tana da giya mai sarrafa kanta, Vladan ya ce zai iya tuƙa ta gida da hannu ɗaya, ba ya son ta taɓa shi. Ita ta ɗaga babur ɗin, ta yi ta fama har ta fitar da shi daga giya, ta haye. Dole ta kwanta a kan lotsattsen tankin, ƙafafu a baya, duk nauyinta a wuyan hannu. Kafin kwana ta tara hannuwanta sun fara mutuwa, ta gane abin da ya sha tun daga sama. A kowace kwana sai ta sa ƙafa ta ja baya ta tura gaba. Haka ta gangaro da babur ɗin ubanta, ba ƙarar komai sai sarƙa na cewa caka-caka.

Milunka na tsakiyar hanya. Ta rungume ɗanta, ta dudduba shi, ta sa shi ya ɗaga hannun, ta ce a je asibiti a Valjevo yanzu-yanzu. Sai da ta tabbata ƙashi ɗaya ne ya goce sannan ta juyo ga babur ɗin. Gahawar ta riga ta tafasa ta zube ta kashe murhun.

"Tayar da shi," ta ce wa Zorica.

"Ba zai tashi ba, Mama."

"Gobe fa? Wata mai zuwa? Ke ce kika san shi."

"Sai dai a sa masa wani injin. Ba zai yi irin muryar ba."

Tsohuwar ta dubi yatsun 'yarta da suka ɗuri ruwa, ta dubi fuskarta. Ita ta haife ta, ba ta bukatar a gaya mata komai, amma ta tambaya.

"Kin san haka za ta faru?"

Vladan ya kau da kai. Bai tona ta ba, Zorica kuwa ta so a ce ya tona.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da safe."

Milunka ta gyaɗa kai a hankali. "Shi wauta ce ta sa ya yanke min kujera, na yafe masa tun jiya, bai san abin da yake yi ba. Ke kin sani." Ta dubi babur ɗin. "Sau ɗaya na ce. Sau ɗaya tak."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta zubar da sauran gahawar a gindin bango. Sannan ta kama kujerar katakon nan da ta shekara arba'in da ɗaya a bakin ƙofa, ƙafafunta har sun yi rami a ƙasa. Zorica ta taho za ta karɓa mata.

"Bari," in ji tsohuwar.

Ta ja kujerar da kanta, tana hutawa a kowane mataki, ta shige da ita cikin gida ta rufe ƙofa.